Na Samu Gurbin MBA, Amma Ranar Farko Nake Tsoro

TAMBAYA

Sunana Hadiza, daga Kano. Shekaruna 39, ina da 'ya'ya huɗu, kuma ina da shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari. Na yi digirin farko a fannin tarihi shekara 15 da suka wuce, tun daga nan ban sake zama a aji ba. Bana na samu gurbin digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wato MBA, na ƙarshen mako, an kuma kira mu taron wayar da kan sababbin ɗalibai ranar Asabar mai zuwa. Tun da saƙon ya iso barci ya ƙaurace mini. An ce yawancin 'yan ajin ma'aikatan banki ne da na manyan kamfanoni. Ni da lissafi kuwa ba ma ga maciji, Turanci ma ya yi mini nauyi a baki. Me ake yi a wannan rana? Anya ban ɗauko abin da ya fi ƙarfina ba?

AMSA

Malama Hadiza, Allah ya sanya alheri, ya sa a gama lafiya. Idan na fahimce ki, tambaya biyu kika haɗa: abin da za ki tarar ranar Asabar, da kuma ko 'yar kasuwar da ta daɗe da barin makaranta za ta iya zama aji ɗaya da 'yan banki ba tare da ta ji kunya ba. Ta biyun ce ke hana ki barci, don haka da ita zan fara.

Ki kwantar da hankalinki. Batun shekaru dai mu ajiye shi, tunda an ce gemu ba ya hana ilimi, balle ke da ba ki da shi. Wanda za ki gani ya shigo da kwat da jakar kwamfuta, shi ma da tasa fargabar ya zo. Ya san sashen da yake aiki a banki, amma ƙila bai taɓa zuba kuɗinsa na kansa a kaya ya kwana yana juyayin ko za su dawo ba. Ke kuwa kin yi sari, kin ga dala ta tashi tsakanin ranar da kika yi oda da ranar da dila ta sauka. Kin ba da bashi an biya, kin bayar an gudu. Kin san atamfar da ke tafiya gab da sallah da wadda ke yin kwantai. Waɗannan su ne abubuwan da za a koyar da ku, sai dai a can an ba kowanne suna da tsari.

Asalin karatun ma daga kasuwa ya taso. Tsarin da akantoci ke bi na rubuta kowane ciniki a gurbi biyu, 'yan kasuwar Italiya ne suka daɗe suna amfani da shi kafin Luca Pacioli ya tattara shi a littafin da aka buga a birnin Benis a 1494. Jami'ar Harvard ta Amurka, wadda ta fara MBA a 1908, ta shahara da wata hanyar koyarwa da ta bazu duniya: a ba ɗalibai labarin wani kamfani na gaske da ya shiga matsala, a ce su yi muhawara kan abin da ya kamata shugabansa ya yi. A irin wannan aji, wanda ya taɓa ƙonewa a ciniki ya fi kowa abin faɗa. Nan gida kuma, makarantar kasuwanci ta Jami'ar Bayero, wadda aka buɗe sabon gininta a 2018, sunan Aliko Dangote take ɗauke da shi, mutumin da ya fara da saye da sayarwa tun kafin ya kafa masana'antu.

Sai dai ba zan rufe ki ba, 'yar'uwa, lissafi yana nan. A zangon farko yawanci akwai darasin akanta, da ƙididdiga, da tattalin arziki, kuma a karatun gaba da digirin farko maki 50 ne cin jarrabawa, ba 40 ɗin da kika sani a da ba. Amma mafi yawansa kaso cikin ɗari ne da kasafi da karanta jadawali, irin wanda kike yi da ka a gaban mai saye. Abin da zai fi ba ki wuya shi ne manhajar Excel, idan hannunki bai saba da kwamfuta ba. Kada ki jira malami. Ki ɗauki littafin shagonki na watan jiya, ki sa wani daga cikin yaranki ya nuna miki yadda za ki shigar da ciniki da kashe-kashe, ki fitar da riba. Turanci kuwa, ba wanda zai ba ki maki saboda daɗin baki. Yawan karatu ne ke kayar da mutane, sai ki saba wa kanki da karanta shafin kasuwanci na jarida kullum, baki zai sake a hankali.

Ita ranar Asabar ba jarrabawa a cikinta. Shugaban makaranta zai yi maraba, jami'in da ke kula da shirin zai bayyana darussa da dokoki, a nuna muku laburare, a zaɓi wakilin aji, a buɗe zauren WhatsApp. Ki tafi da takardar shaidar samun gurbi, da ta digiri, da ta yi wa ƙasa hidima, da rasit ɗin biyan kuɗi, na asali da kofe. Rasit musamman ki adana shi, don ranar karɓar sakamako za a iya nemansa.

Galibi akan ce kowa ya tashi ya gabatar da kansa, kuma a nan nake so ki kula. Na san halin mutanenmu na ƙanƙan da kai. Kada ki ce, "Ni ɗan shago kawai gare ni." Ki faɗi sunanki, da abin da kika karanta, ki ce kina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, ki faɗi shekarunki a harkar, ki zauna. Yadda kika gabatar da kanki ranar, haka za a riƙa kallonki har ku gama.

Idan aka ba da damar tambaya, kada nauyin baki ya hana ki. Ki tambayi yawan halartar aji da ake buƙata kafin a shiga jarrabawa, domin jami'o'i da yawa kashi 75 cikin ɗari suke nema. Ki tambayi lokacin jarrabawa, ko zai faɗo cikin azumi, lokacin da kasuwarku ta fi ci. Idan kina da burin digirin digirgir nan gaba, ki tambaya tun yanzu, don jami'o'in Najeriya da dama suna ɗaukar MBA a matsayin digirin ƙwarewar aiki, ba sa wucewa da mai shi kai tsaye.

Za a raba ku rukuni-rukuni don aikin haɗin gwiwa. Idan an bar muku zaɓi, kada ki maƙale wa masu kama da ke kaɗai. Ki nemi rukunin da ke da akanta, shi ya warware miki lissafi, ke ki ba su labarin kasuwa na zahiri. Kowane aji kuwa ba ya rasa masu kawo suna kawai a rubuta musu, sai ki gane su da wuri.

Saura gida da shago. A ganina, rashin lokaci ya fi rashin ƙwaƙwalwa korar masu iyali daga wannan karatu. Asabar ranar ciniki ce a Kwari, kuma za ki rasa ta na tsawon zanguna. Kafin lakca ta fara, ki zauna da maigida ku tsara wanda zai kula da yara, ki kuma tsayar da amintaccen da zai riƙe shago, ya rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, ku yi lissafi tare kowace Lahadi da yamma.