Darasi a kan Ƙashin Baya da Masu-gyaransa da Hannu

A cikin darasin watan nan muna so mu bincika zancen ƙashin baya, da yadda mutum za ya lura da shi, da kuma wata hanyar magani wadda ta fito daga Amurka, wadda masu-binta su kan yi aiki da hannu kaɗai, ba allura ba ƙwaya. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, da wuya a sami gidan da ba a kukan baya. Manomin da ya wuni a duƙe da fartanya, da mace mai-daka da goyo a bayanta, da tela, da direban doguwar hanya, da malamin da ke zaune gaban tebur tun safe, kowa da irin nasa. Ba mu kaɗai ba ne kuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 619 ne ke da ciwon kwankwaso a shekarar 2020, ta ce kuma shi ne kan gaba cikin ciwace-ciwacen da ke nakasa mutane a duniya.

Bari mu fara da ginin kansa. Mu kan ce ƙashin baya sai ka ce guda ɗaya ne, amma ƙasusuwa 33 ne a jere, wani bisa wani. Akwai 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji inda haƙarƙari ke kamawa, 5 manya a kwankwaso. Sauran 9 na can ƙasa, su kan manne da juna sa'anda mutum ya girma. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai ɗan faifai na guringuntsi mai-taushi a ciki, kamar gammon da mace ke sawa tsakanin kai da tulu. Ta tsakiyar ƙasusuwan nan kuwa rami ya bi, a cikinsa laka ta ke kwance, ta sauko daga ƙwaƙwalwa, jijiyoyi kuma suna fita daga gare ta biyu biyu har sau 31, zuwa hannuwa da ciki da ƙafafu. Tsoka mai-kauri ta riƙe dukan abin nan ta gaba da ta baya.

Akwai wani abu game da faifan nan da ya kamata kowa ya sani. Jini ba ya shiga tsakiyarsa yadda ya ke shiga tsoka. Abincinsa ya kan shiga ne tare da ruwa, sa'anda aka matsa shi aka sake shi, kamar soso a cikin kwano. Da rana nauyin jiki ya kan matse ruwan, da dare ya koma. Shi ya sa mutum ya fi tsawo kaɗan da safe bisa ga yamma, wajen santimita 1 ko fiye. Wanda ya ke shakka ya tsaya jikin bango ya sa a yi masa alama da gawayi, safe da maraice. Ashe motsi abinci ne ga baya. Wanda ya gina shi ya gina shi domin tafiya da lanƙwasa da ɗaukar kaya, ba abu ne mai-saurin fashewa kamar ƙwarya ba.

To, yanzu sai labarin masu-gyaran baya. A garin Davenport cikin jihar Ayowa ta Amurka an yi wani mutum, Daniyel Palmer, haifaffen Kanada a shekarar 1845. Ba likita ba ne. Ya yi koyarwa, ya yi kasuwanci, daga baya ya shiga yi wa mutane magani ta wurin ɗora hannu, yana cewa wani ƙarfi irin na maganaɗisu ke fita daga jikinsa. A shekarar 1895 ya danna bayan wani mai-sharar ginin da ya ke aiki, Harvey Lillard, wanda aka ce ya shekara 17 ba ya ji sosai. Palmer ya ce ya mayar da wani ƙashi da ya goce, kunnen mutumin kuwa ya buɗe. Wani fasto abokinsa, Sama'ila Weed, shi ya taimake shi haɗa suna daga kalmomin Helenanci biyu, aka kira aikin kairofaraktik, watau abin da aka yi da hannu. A 1897 Palmer ya buɗe makaranta. A 1906 aka ɗaure shi domin yana magani ba shi da takardar izini. Amma aikin bai mutu ba, ɗansa ya ɗauka ya yaɗa shi, har a 1974 jihar Amurka ta ƙarshe ta yarda ta ba masu-yinsa takarda. Yau suna da makarantu da dokoki a ƙasashe da dama.

Sai dai lalle mu rarrabe tsakanin aikin hannun da koyarwar da Palmer ya ɗora a kansa. Ya ce 95 cikin 100 na cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya su ke zuwa, gama ƙashi ya danne jijiya ya tare hanyar wani iko na cikin jiki. Ya kuma ce ruhun wani likita da ya riga ya mutu ne ya ba shi wannan sani. Mu dai ba mu karɓar ilimi daga bakin matattu, ko a coci ko a asibiti. Ko ba wannan ma, bincike bai tabbatar da maganarsa ba. Jijiyar ji tana cikin ƙoƙon kai, ba ta biyo ta baya ba. Zazzaɓin cizon sauro kuwa mun san mai-kawo shi, haka kuma ƙyanda da kwalara da tarin fuka. Ba dannar da za ta kashe ƙwayar cuta. Waɗansu cikin almajiransa har suka yi gāba da allurar rigakafi, ko da shi ke da yawa cikin na yanzu sun bar wannan. Duk wanda ya ce muku a hana yaro rigakafi a danna masa baya maimakon haka, ku ba shi hanya ya wuce.

Me ya rage ke nan? Abin da ya rage ba ƙarami ba ne. Ga ciwon kwankwaso na yau da kullum, danna da tausa su kan rage zafi, su saki tsokar da ta ɗaure, su ba mutum ƙarfin hali ya tashi ya motsa. Amfaninsu matsakaici ne, kusan daidai da na motsa jiki. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a kan ciwon kwankwaso mai-daɗewa, ta lissafta dannar baya da tausa cikin abubuwan da za a iya yi, tare da motsa jiki da koya wa mai-ciwo yadda za ya lura da kansa. A cikin shawarar nan kuma ta hana ɗaura ɗamara ta musamman a ƙugu kullum, da jan baya da nauyi, da ƙwayoyi masu-sa maye irin su taramadol. Ƙarar nan da a kan ji, ƙas, sa'anda aka danna, ba ƙashi ba ne ya koma gurbinsa. Iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda yara ke sa ta yi ƙara cikin yatsunsu. Wuya kam a yi hankali da shi. Akwai hanyoyin jini da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa, an kuwa sami waɗanda suka kamu da shanyewar jiki bayan an murɗa musu wuya da ƙarfi. Abin ba ya yawan faruwa, amma wanda ya same shi ba ruwansa da ƙidaya.

Abin da masu-gyaran baya na kirki ke nanatawa, likitoci ma sun yarda da shi, shi ne jiki ya kan gyara kansa in an ba shi abin da ya ke bukata. Cikin masu-ciwon kwankwaso 10, wajen 9 ba a samun wata cuta takamaimai da za a nuna da yatsa. Tsoka ce ko gaɓa ta gaji ko ta yi targaɗe, yawancinsu kuwa su kan sami sauƙi cikin mako 6. Ko hoton asibiti ma ba kullum ya ke faɗin dalili ba, gama an duba samari masu-shekara 20 waɗanda ba su jin ciwon kome, aka iske kusan 3 cikin 10 faifansu ya ɗan bulluƙo. Saboda haka kada mutum ya sayar da akuya domin ɗaukar hoto tun a makon fari, sai in akwai alamun da za mu ambata a gaba.

A dā a kan ce mai-ciwon baya ya kwanta ya huta har ya warke. Yanzu an gane doguwar kwanciya ita ke ƙara ciwon, gama tsoka ta kan yi rauni, gaɓa ta sandare. In zafin ya yi tsanani a huta kwana 1 ko 2, sa'an nan a tashi a fara takawa kaɗan kaɗan, ko daga ɗaki zuwa zaure. A ɗora tsumma mai-ɗumi a wurin. A koma aiki da sannu, a fara da mai-sauƙi. A shekarar 2024 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ostireliya da mutum 701 waɗanda ba su daɗe da warkewa daga ciwon kwankwaso ba. Rabinsu aka koya musu, aka sa su tafiya da ƙafa a kai a kai, rabi aka bar su. Masu-tafiyar sun kai wajen kwana 208 kafin ciwon ya komo ya hana su aiki, waɗancan kuwa kwana 112. Magani ke nan wanda ba a sayarwa a kanti. Mu da muka gāji tafiyar ƙasa daga iyayenmu, abin kunya ne a ga saurayi lafiyayye yana hawa babur daga ƙofar gida zuwa bakin kasuwa.

Mai-noma ba tafiya ya rasa ba, canji ya rasa. Baya ba ya son a bar shi a hali ɗaya, ko duƙe ko zaune. In ka kai ƙarshen kunya, ka miƙe, ka dafa ƙugu da hannu biyu, ka ɗan lanƙwasa baya sau 3 ko 4 kafin ka juyo. Mai-keken ɗinki da mai-tebur su tashi bayan kowane rabin awa. Wajen ɗaukar kaya kuwa, ka jawo shi kusa da jikinka, gama buhun da ka miƙa hannu ka ɗauka daga nesa ya fi wa kwankwaso nauyi ƙwarai. Kada ka murɗa jiki da kaya a hannu, ka juya da ƙafa. Buhun da ya fi ƙarfinka ka raba shi, ko ka kira ɗan'uwa ya kama maka. Ku iyaye, ku duba jarkar ruwan da ku ke ɗora wa yarinya. Jarka mai-lita 20 nauyinta kilo 20 ne, wata yarinyar ma duka jikinta bai kai ninki biyu na wannan ba. Taba kuma ta kan rage jinin da ke ciyar da baya, masu-shanta sun fi yawan kukan kwankwaso. Ƙwayoyin rage zafi da a ke saya a bakin hanya, in an sha su kullum su kan ci ciki su lalatar da ƙoda.

Yanzu ga sashen da muka fi so ku riƙe. Akwai ciwon bayan da ba na tausa ba ne, ba na maɗori ba, ba na ƙahon wanzami ba. In mutum ya kasa fitsari, ko fitsari da bayan gida suna zubo masa bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu ba ya jin taɓi, ko ƙafafunsa suna ta yin rauni, to, jijiyoyi ne a danne, a kai shi babban asibiti ran nan, kada a jira gobe. In ya faɗo daga itace ko mota ta buge shi yana kukan baya ko wuya, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi cikin mota. A kwantar da shi a miƙe bisa ƙyaure ko katako, wani ya riƙe kansa daidai da jiki. Ƙashi karyayye in ya motsa ya kan yanke laka, laka kuwa in ta yanke ba ta haɗuwa.

Sai kuma ciwon da ke zuwa a ɓoye. In baya yana ciwo mako da mako, ya fi tsanani da dare, ga zazzaɓi da maraice, ga gumin dare, mutum yana ramewa, a tuna da tarin fuka. Mutane da yawa suna tsammani a huhu kaɗai ya ke, amma ƙwayarsa ta kan bi jini ta sauka cikin ƙashin baya, ko mutum ba ya tari. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana irin wannan ciwon baya mai-shanye ƙafafu tun 1779. Ƙwayar ta kan cinye gaban ƙashin har ya rushe, sai wani ƙullutu mai-tsini ya fito a tsakiyar baya, daga nan ƙusumbi, daga nan shanyewar ƙafafu. Ƙasarmu tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, saboda haka wannan ba labarin nesa ba ne. Danna irin wannan baya da ƙarfi ya kan ƙarasa abin da cutar ta fara. Maganinsa ƙwayoyi ne na wata 9 zuwa 12, ana ba da su kyauta a asibitocin gwamnati. Mai-sha ya kan ji sauƙi tun a wata na biyu, a nan ne da yawa ke bari, cutar kuwa ta komo da taurin kai. Ku dattawa da matan zumunta masu-zuwa gaishe da marasa-lafiya, in kun shiga gida kun iske yaro yana tafiya a sandare, yana dafa gwiwa in za ya ɗauki abu a ƙasa, ku roƙi uwar ta tuɓe masa riga, ku bi tsakiyar bayansa da yatsa daga wuya har ƙasa. In kun ji ƙullutu, ku raka su asibiti cikin makon nan, ku kuma sa wani ya riƙa leƙa gidan har ƙwayoyin su ƙare.