Darasi na 14: Ciwon Kwatangwalo da Matsematsi

Manomi a ƙauye, da mai dako, da ɗan kabu-kabu na Sama Road a birnin Sakkwato, duk sun san ciwon kwatangwalo. Amma ciwon nan ba iri ɗaya ba ne. Kowane da sanadinsa, kowane da maganinsa.

1. Gurɗewa. Ɗaukar kaya mai nauyi ke kawo ta. Maganinta hutu.

2. Kaluluwa. Miki a ƙafa ya kan jawo ta. A wanke mikin, a kai shi ga malamin asibiti.

3. Sanyin ƙashi. Ya fi kama tsofaffi. Tafiya kaɗan kaɗan da sanda tana taimako.

4. Sikila. Yaro mai sikila in ya soma ɗingishi, a nuna shi ga likita da wuri.

5. Gwaiwa. Hanji ne ke leƙowa ta inda naman ciki ya yi rauni. In ka yi tari ta fito, in ka kwanta ta koma. Ƙaho ba ya maganinta, jiƙo ma haka. Sai likita ya yi aiki.

Ku kula ƙwarai! In gwaiwa ta ƙi komawa, ta yi tauri, ga amai, to, hanji ya shaƙe. Tana iya kisa. Kada a yi sakiya, kada a jira gari ya waye. A kai mutum Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibiti mafi kusa.

Tambayoyi
1. Me ke jawo kaluluwa?
2. Yaushe za a gaggauta kai mai gwaiwa asibiti?