Haƙƙin Ɗan Gudun Hijira a Kan Mai Masaukinsa

Duk wanda ya ji an ambaci agajin magani ga mutanen da yaƙi ya ɗaiɗaita, abin da yakan zo masa a rai shi ne fararen tantuna a fili, da motoci masu tutar Red Cross, da sansani irin na Minawao da aka buɗe kusa da Mokolo a 2013 domin mutanen Borno da fitinar Boko Haram ta koro. Alhali kuwa mu da sana'armu jinya ce a nan New Bell ta Duwala mun sani, sani na ganin ido, cewa jama'a mai yawa daga cikin masu gudun hijira ba su taɓa kwana a tanti ba, ba a kuma rubuta sunayensu a littafin wata ƙungiya ba. Mota suka shiga da abin da hannu ya iya ɗauka, suka sauka a gidan ɗan'uwa ko na tsohon abokin ciniki, a Unguwar Hausawa ko bayan Kasuwar Kwango, suka saje da jama'ar Duwala.

Haka Musulmin Bangi suka iso a 2014 ta hanyar Garwa-Bulai. Haka kuma, tun da rikicin yankuna biyu na Kamaru masu magana da Ingilishi ya tashi a ƙarshen 2016, ya rikiɗe ya zama yaƙi a 2017, iyalan Hausawa da Fulani suke ta ƙetaro gadar Wuri daga Abakwa ta Bamenda, da Wum, da Kumba. Abin da suka baro a baya ya wuce gida da rumfar kasuwa, domin an ƙone asibitin Kumba a watan Fabrairu na 2019, an dakatar da aikin ƙungiyar likitoci ta MSF a yankin Arewa maso Yamma a Disamba na 2020, har ta janye ma'aikatanta a Agusta na 2021. Saboda haka yaron da aka haifa a cikin waɗannan shekaru yana iya zuwa mana ya fara tafiya, ba a taɓa yi masa allurar rigakafi ko sau ɗaya ba.

Kaɗan ne ke zuwa hannunmu da raunin harsashi. Galibin abin da muke gani shi ne maganin da ya yanke: mai hawan jini da ya yi watanni bai sha ƙwaya ba har ɓarin jikinsa ya shanye, mai ciwon sukari da gyambo ya ci masa ƙafa, mai ciki da ba ta taɓa zuwa awo ba sai ranar da jini ya ɓalle. Mafi tayar mini da hankali shi ne tarin fuka. An taɓa kawo mana wani saurayi a bayan babur, abokinsa na tallafe da shi, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Da muka bincika sai muka tarar ya fara shan magani a garinsu, harbe-harbe suka tashe su, katinsa ya ɓace, ya iso Duwala aka ba shi tabarma a shagon samari, ya yi ta tari a cikinsu dare da rana bai gaya wa kowa ba. Maganin tarin fuka na wata shida ne ba fashi, wanda kuwa ya yanke shi a tsakiya yana ba ƙwayar cutar damar ta bijire wa magani, sa'an nan ya raba ta ga duk wanda suke shaƙar iska ɗaya.

Me ya hana shi magana? Kunya. Baƙon da aka ba ɗaki, aka ba tuwo, ba ya iya buɗe baki ya ce a kai shi asibiti, don yana ganin ya riga ya zama nauyi. Mai gida kuma, bisa ladabin da muka gada tun zamanin fatake, yana ganin rashin mutunci ne ya tsare baƙo da tambaya. Tsakanin wannan kawaici da wancan sai cuta ta samu wurin zama. Ni a ganina tambayar lafiyar baƙo tana cikin karramawa, kuma tana gaba da shimfiɗa, domin malaman usulu sun lissafa kiyaye rai cikin manyan manufofin shari'a, fuƙaha'u kuma sun sanya ilmin likitanci cikin farillan kifaya. Ba a banza aka kafa wa Rufaida Al-Aslamiyya tantin jinya a masallacin Madina ba, inda aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ.

To, sai kuma mas'alar ruwa, wadda ita ce musibarmu ta gida. Duwala gari ne da ruwan samansa yakan haura milimita 3,500 a shekara, New Bell kuwa kwari ce, ruwan ƙasa yana kusa, rijiya da masai sau da yawa taku kaɗan ne tsakaninsu. Idan damina ta kankama a Yuli da Agusta, lambatu ya cika ya shiga tsakar gida, sai abin da ke cikin masai ya tarar da abin da ke cikin rijiya, a gidan da aka gina domin mutum shida yanzu kuwa ninkinsu ke kwana a ciki. Kwalara ta shigo Kamaru a 1971. Ta yi ɓarna a Duwala a 2004, inda ta fara daga Bepanda ta bazu har New Bell ta kama dubban mutane. Ta kuma sake dawowa a 2022.

Alamarta ba ta ɓuya ga wanda ya sani. Gudawa ce fara kamar ruwan da aka wanke shinkafa, tana zuba ba ƙaƙƙautawa, idanu su faɗa, idan ka tsunkuli fatar ciki ka saki sai ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Babban mutum mai ƙarfi yana iya rasuwa tsakanin asuba da magariba. A dama ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kurɓi kurɓi ko yana amai, ana tafe ana ba shi, har a isa asibitin gundumar New Bell ko Laquintinie a yi masa ƙarin ruwa. Kada a jira gari ya waye, kada a tsaya sayen ƙwayoyi wurin mai tebur. Tufafinsa da shimfiɗarsa a jiƙa su da ruwan Javel, idan kuma Allah ya karɓi abinsa, a bar ma'aikatan lafiya su shirya gawar tare da malami, domin masu wanka da masu zaman makoki sukan kwashi cutar daga nan.

Yara kuwa, muna da tsiri mai launi uku da muke zagaya wa dantsen yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar. In ya faɗa a ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, kuma irin wannan yaro ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba sa yi masa da sauƙi.

Roƙona ga masu gidaje, da limamanmu, da shugabannin mata masu adashi da islamiyya, shi ne duk wanda ya sauki iyalin da yaƙi ko ambaliya ta koro, ya zauna da su cikin makon farko ya tambaye su a asirce: wa ke kan magani ya yanke, wa ke tari, wace ce mai juna biyu, wane yaro ba shi da katin rigakafi. Rigakafin yara da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, maganin cutar ƙanjamau ma kyauta ne tun 2007. Ku riƙo hannunsu ku kawo mana su, ko da kati ko babu.