"Ba Wuta": Nazarin Matakan Gano Matsalar Tashin Ƙaramin Zarton Inji

Idan zarton inji ya ƙi tashi, bakanike kan taƙaita hukuncinsa da cewa "ba wuta". Wannan furuci ya dunƙule matsaloli mabambanta, kuma mai rubuta jagoran gyara da Hausa zai ɓatar da mai karatu muddin bai warware su ba. Wutar da ake nufi tartsatsi ce: faifai mai maganaɗisu yana juyawa gab da koyil, koyil ya haifar da lantarki, filogi ya kunna cakuɗen fetur da iska.

Daga filogi ake farawa. Akan kwance shi, a mayar masa da hularsa, a jingina shi da ƙarfen injin nesa da raminsa, sannan a ja igiya. Shuɗin tartsatsi alamar lafiya ce. Ratar bakinsa kuwa, a yawancin ƙananan zartuna, kusan milimita 0.5 ce.

In sabon filogi ma bai kawo wuta ba, sai a zare siririyar wayar makunni daga koyil. Idan wuta ta dawo, laifin makunnin ne, ko kuma wayar ta goge tana taɓa ƙarfe. Tsallake wannan mataki ne ke sa a yar da lafiyayyen koyil, a yi asarar kuɗi. In ba ta dawo ba, a daidaita ratar koyil da faifai zuwa kimanin milimita 0.3 kafin a yanke masa hukunci.

Akwai kuma matsalar da furucin bai kama ba: idan ɗan ƙarfen da ke riƙe faifai a mazauninsa ya karye, wuta tana zuwa, amma ba a kan kari ba.