Darasi: Daga Ina Sunan Tafkin Chadi Ya Fito?

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan sunan wani tafki ne da kowa ya taɓa ji, ko da bai taɓa taka ƙasar Barno ba. Kalmar Chadi ba Hausa ba ce, ba kuma Turanci ba. Daga bakin Barebari ta fito, ma'anarta babban ruwa, wato tafki. Ashe idan muka ce Tafkin Chadi, tafkin tafki ke nan muka ce! A ganina mutanen bakin ruwan ba su ga dalilin raɗa masa wani suna ba, tun da babu na biyunsa a ƙasarsu.

A 1823 wasu Turawan Birtaniya uku, Denham da Clapperton da Oudney, suka iso bakinsa bayan sun ƙetare Sahara. Suka sa masa suna Waterloo, don tunawa da yaƙin da aka ci Napoleon na Faransa a 1815. Sunan bai kama ba. Clapperton ɗin nan shi ne ya je Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Bello a 1824, har ma ya bi ta Zurmi, nan kusa da mu. Daga baya Faransawa suka ɗauki sunan Barebarin suka sa wa ƙasar da suka mallaka, ita ce Chadi da ta sami 'yancin kai a 1960.

To amma ruwan fa? A 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984, waɗanda dattawanmu ba su manta ba, suka janye shi har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Masunta suka koma noma inda dā suke jefa koma, makiyaya ma suka shigo neman ciyawa, rigima ta tashi a kan ƙasa. Ruwan ya ɗan dawo daga baya, amma bai koma yadda yake ba.

Mu ma a yankin Katuru muna da tafkuna da fadamu masu suna. Kafin taro na gaba, kowace ƙungiya ta sami tsoho ɗaya da tsohuwa ɗaya, a tambaye su ma'anar sunan tafkin garinsu, da watan da yake ƙafewa a zamanin ƙuruciyarsu, da watan da yake ƙafewa yanzu. A rubuta a kawo.