Rubutun da ke gefen taya

Garin Dogo yana kan hanyar kwalta wadda ta tashi daga Damagaram ta nufi Magarya. Wanda ya zauna bakin wannan hanya daga hantsi zuwa azahar zai ga abin hawa iri-iri: kamiyo ɗauke da raken fadamar Korama, motocin ƴan kasuwa, babura, kekuna, da amalanken shanu. Dukansu a kan taya suke tafiya, amma tayar kowane da girmanta.

A bakin hanyar, ƙarƙashin wani dogon yaro, akwai rumfar mai faci. Ɗan ƙanwarsa, wanda yake aji shida, yakan zo ya taya shi aiki ranar da babu lakwal. Shi ne mai ɗebo ruwan da ake tsoma robar ciki don a ga inda iska ke fita.

Wata rana da la'asar sai ga wata ƴar jar mota ta taho a hankali, tana ɗingishi kamar jaki mai ƙaya a kofato. Cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Wani saurayi ya fito, ya yi sallama, ya ce:

— Baba, a taimake ni. Na ratse zuwa ƙauyenmu, na faɗa rami, tayar gaba ta fashe.

Mai faci ya durƙusa, ya shafa tayar. Gefenta ya tsage, bakin ƙarfen da take zaune a kai kuma ya lanƙwashe. Wannan ƙarfe shi ake kira janti, daga kalmar Faransanci « jante ». A Najeriya wili suke cewa.

— Samari, da waɗannan ƙafafu aka ƙero motar nan?

— A'a, Baba. Ni na canza su a birni. Na farko ba su da kyan gani. Waɗannan irin na motar tsere ne.

Mai faci bai ce kome ba. Ya kira yaron, ya ce ya karanta abin da ke rubuce a gefen tayar da ta fashe, sa'an nan ya buɗe ƙofar direba ya karanta ƴar takardar da ke manne a jikin ginshiƙinta. Yaron ya rubuta su a ƙasa da tsinke. A jikin taya: 225/40 R 18. A jikin ƙofa: 195/65 R 15.

Abin da lambobin ke faɗi

Kowace tayar mota tana ɗauke da irin wannan rubutu. Mutane da yawa suna ganinsa kullum, ba su san magana yake yi ba. Ga ma'anar wanda ke jikin ƙofa.

Lamba ta farko, 195, faɗin taya ne da milimetir, daga wannan gefe zuwa wancan. Wato santimetir 19 da rabi.

Lamba ta biyu, 65, ita ce mai ruɗa mutane. Ba milimetir ba ce, ba santimetir ba ce. Tana nufin tsayin gefen taya, daga bakin janti zuwa inda roba ke taka ƙasa, kashi 65 ne cikin 100 na faɗinta. Sai an yi lissafi ake samun tsayin: 195 sau 65, a raba da 100, ya ba da wajen milimetir 127.

Harafin R yana nufin « radial ». Cikin naman taya akwai zaruruwa masu ƙarfi, kuma a irin wannan taya sun ratsa daga gefe zuwa gefe. Kamfanin Michelin na Faransa ne ya yi rajistar wannan dabara a 1946. Yau kusan duk ƙananan motoci da ita suke tafiya.

Lamba ta ƙarshe, 15, girman janti ne, amma da inci. Inci ma'aunin Ingilishi ne, kuma inci ɗaya milimetir 25,4 ne. Abin mamaki, ma'auni biyu a layi guda, na Faransa da na Ingila! Haka aka saba tun da daɗewa, kuma duniya duka ta bi. To, 15 sau 25,4 ya ba da milimetir 381. Tayar 15 ba ta hawa jantin 14, ba ta kuma zama a jantin 16, ko da an yi ta dukanta da guduma har dare.

Wanda ya san waɗannan yana iya gane tsayin ƙafar mota gaba ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, abin da ake kira « diamètre » a darasin lissafi. Akwai roba a ƙasa, janti a tsakiya, roba a sama: 127 + 381 + 127 = 635 milimetir.

Yaron ya yi wa ɗaya tayar irin wannan lissafi. Gefenta: 225 sau 40, a raba da 100, milimetir 90. Jantinta: 18 sau 25,4, wajen milimetir 457. Duka: 90 + 457 + 90 = 637. Ya ɗaga kai ya ce:

— Kawu, ai tsayinsu kusan ɗaya ne. Milimetir biyu ne kawai tsakani.

— Haka ne, in ji mai faci. Wanda ya sayar masa ya iya lissafi. Sai dai bai tambaye shi hanyar garinsu ba. Dubi roba. Wannan nawa, wancan nawa?

— Wannan 127, wancan 90.

— To, ka ga inda kuɗinsa suka tafi.

Gefen taya da iskar da ke ciki su ne katifar mota. Idan ƙafa ta faɗa rami, gefen ne yake lotsawa ya shanye dukan. Idan gajere ne, bakin rami yakan matse roba da janti, roba ta tsage, ƙarfe ya lanƙwashe. Saurayin nan a hankali yake tafiya, shi ya sa abin ya tsaya a kan dukiya. Tayar gaba da ta fashe mota tana tsakiyar gudu takan fizge sitiyari daga hannun direba.

Motar tsere da motar rairayi

Masu ƙera motocin gudu ba don ado kaɗai suke sa musu babban janti da siririyar roba ba. Suna da dalili. Taya mai faɗi tana kama kwalta sosai. Gajeren gefe ba ya lanƙwasa idan an sha kwana da gudu, saboda haka mota tana bin hannun direba nan take. Babban janti kuma yana barin wuri a sa babban birki a cikinsa. Wasu motocin ma tayoyinsu na baya sun fi na gaba faɗi, kamar Porsche 911 ta Jamus, wadda injinta yake a baya. Motocin babbar tseren duniya da ake kira Formula 1 sun yi shekaru da yawa da jantin inci 13, sai a 2022 suka koma inci 18. Amma duk waɗannan a kan hanya mai santsi kamar faranti suke gudu, inda babu rami, babu gargada, babu kututturen gero.

Akwai wata tseren kuma wadda mutanen ƙasarmu suka sani, wato Paris-Dakar. Karo na farko, a farkon 1979, ta ratsa Agadas da Yamai. A 2009 aka mai da ita Amurka ta Kudu, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yin ta. Motocinta ma na gudu ne, amma ƙafafunsu dabam. Daga 2022 manyan motocin wannan tsere sun hau tayoyi masu tsayin inci 37, kusan santimetir 94, a kan jantin inci 17 kawai. Sauran duk roba ne da iska.

Direbobin da ke shiga daji sun san dalili ba tare da littafi ba. Idan za su shiga rairayi sukan rage iskar taya. Tayar ta ɗan kwanta, tafinta ya ƙara tsawo, nauyin mota ya bazu a wuri mai yawa, kamar yadda tafin raƙumi yake bajewa idan ya taka. Taya mai dogon gefe ce ke yarda da wannan. Shi ya sa Toyota Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya take hawa irin tayar nan mai lamba 7.50 R 16, doguwa, mai kauri. Wannan rubutu na tsohon tsari ne: 7.50 faɗin taya ne da inci. Idan an fito kan kwalta dole a mai da iskar, don taya mai ƙarancin iska tana yin zafi, zafi kuwa shi ke fasa ta.

Rairayi ya daɗe yana wahalar da mota a ƙasar nan. A ƙarshen 1924, lokacin da Damagaram take babban birnin Nijar, wasu motoci takwas na kamfanin Citroën sun iso garin bayan sun ƙetare Sahara daga Aljeriya. Taya biyu kawai ke gare su, a gaba. A baya wata doguwar ɗamarar roba ce take juyawa a kan ƙananan ƙafafu, don kada su kafe.

Babba ba ita ce daidai ba

Da saurayin ya ji haka sai ya nuna wata taya da ke jingine a rumfa, ya ce:

— To Baba, in na mai da jantin 15, ka ba ni irin waccan mai tsawo, in huta da ramuka.

Yaron ya je ya karanto: 205/70 R 15. Ya yi lissafi, ya sami milimetir 668. Ta fi ta asali da milimetir 33, wajen kashi 5 cikin 100.

Mai faci ya girgiza kai. Ƙafar da ta wuce kima takan gogi jikin mota idan an yi lodi ko an karya sitiyari har ƙarshe. Akwai kuma wata matsala wadda ido ba ya gani. Agogon gudu da ke gaban direba ba ya ganin hanya, juyin ƙafa yake ƙirgawa. Kewayen tayar asali shi ne 635 sau 3,14, kusan metir 2. Idan ta juya sau 500, mota ta yi kilometir ɗaya. Kewayen babbar kuwa kusan metir 2,1 ne. Idan ta juya sau 500 ta yi metir 1050, amma agogo yana nan yana cewa kilometir ɗaya. Allura tana nuna 80, mota tana gudun 84. Masu sayar da taya sukan ce kada bambancin tsayi ya wuce kashi 3 cikin 100. Kuma ƙafafu biyu da ke kan gatari ɗaya, hagu da dama, dole girmansu ya zama ɗaya, in ba haka ba mota takan ja gefe idan an taka birki.

Sauran rubutu biyu mai faci ya nuna wa yaron. Bayan girman taya akwai lamba da harafi, kamar 91 H. Lambar tana faɗin nauyin da taya guda take iya ɗauka: 91 na nufin kilo 615. Harafin kuma iyakar gudunta ne: T kilometir 190 a awa, H 210, V 240. A hanyoyinmu, inda ake ɗora buhuna har saman mota, lambar nauyi ta fi harafin gudu muhimmanci nesa.

Na biyun shi ne ranar haihuwar taya. Ana samunta bayan haruffan DOT, lambobi huɗu a ƙarshe. Idan an ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayoyi da yawa da ke kasuwanninmu na hannu ne, an yi aiki da su a Turai kafin su iso. Roba tana tsufa ko zanenta bai goge ba, rana kuma tana busar da ita. Manyan masu ƙera taya suna cewa wadda ta kai shekara 10 a cire ta.

Saurayin ya buɗe bayan mota. Allah ya taimake shi, tayar ajiya ta asali tana nan, 195/65 R 15. Mai faci ya ɗaura masa ita, ya ce ya tafi a hankali, gobe ya nemo jantunansa na farko a wurin wanda ya karɓe su. Fasasshiyar tayar kuwa ya bar ta a rumfa. Da ma mai yankan takalma yakan biyo ran kasuwa.

Tambayoyi

1. Me ake kira janti? Da wane ma'auni ake auna shi?
2. A cikin 195/65 R 15, mene ne 65 yake nufi?
3. Don me direba yake rage iskar taya kafin ya shiga rairayi? Me zai yi idan ya fito kan kwalta?
4. An rubuta 0821 bayan DOT. Yaushe aka ƙera wannan taya?

Aiki

Ku nemi tsayin waɗannan tayoyi biyu: 175/70 R 13 da 185/60 R 14. Ana iya sa ɗaya a madadin ɗaya idan an canza janti? Wace ce ta fi dacewa da hanyar burji?

Ku kwafo rubutun da ke gefen tayar amalanke ko ta babur a unguwarku, ku kawo aji gobe.