Idan Keke Ya Bugi Mota, Wa Zai Biya Kuɗin Gyara?

A titunan Kano, Zariya ko Katsina, duk lokacin da mota da keke suka yi karo, jama'ar da ke taruwa kan yanke hukunci tun kafin mai motar ya buɗe ƙofa. Hukuncin kuwa ba ya sauyawa: babba shi ne mai laifi. Ko da mai keken ne ya ɓullo daga lungu a guje, ko ya biyo hannun da ba nasa ba da daddare babu fitila, abin da mai mota zai fara ji shi ne, "A yi haƙuri Alhaji, tsautsayi ne." Haka zai ja motarsa da fasasshiyar fitila da loɓaɓɓiyar ƙofa, washegari fanalbita ya yanka masa kuɗin da ya kusa albashinsa na wata.

Lauyan da ke wannan rubutu ya sha karɓar irin waɗannan bayin Allah a ofis, kuma tambayarsu ɗaya ce: shin doka ta ba su damar neman kuɗin gyara a hannun mai keke? Ta ba su. Babu ruwan doka da girman abin hawa, sakaci take dubawa. Duk wanda ya hau titi, a mota ne ko a keke ko a ƙafa, wajibi ne ya kula da sauran masu bin hanya, in kuwa ya yi sakaci ya jawo wa wani asara, biya ya hau kansa. Fikihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Arewa ke aiki da shi, shi ma ya tafi a kan cewa wanda ya lalata dukiyar wani zai biya, da gangan ya yi ko bisa kuskure. To amma haƙƙi a takarda daban, kuɗi a aljihu daban. Yawancin waɗanda suka rasa kuɗinsu, tun a bakin titi suka rasa shi.

Abin da ya sa karo da keke ya fi sauran wuyar sha'ani shi ne babu kamfanin inshorar da ke bayan mai keke. Tun 1945 Najeriya take da dokar da ta tilasta wa masu ababen hawa yin inshorar da za ta biya mutumin da suka ji wa rauni ko iyalan wanda suka kashe, dokar inshora ta 2003 kuma ta ƙara da ɓarnar dukiya. Sai dai duk masu inji abin ya shafa. Keke bai shiga ciki ba. Daga 1 ga Janairun 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora ta dole ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Da 'yan sanda suka fara tsananta duba ta a watan Fabrairun 2025, mutane da yawa sun yi rububin yankar ta. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa wannan takarda ta wani ce, ba ta mai ita ba. Idan mai keken ya karye, ita za ta ɗauki nauyinsa in laifin mai mota ne. Fitilar mai motar kuwa, ko kwabo ba za ta biya ba.

Wannan giɓi ba na Najeriya kaɗai ba ne. A Ingila akwai hukumar da kamfanonin inshora suka kafa a 1946 don biyan waɗanda direba marar inshora ya yi wa ɓarna, amma ita ma ba ta biyan ɓarnar keke, domin keke ba mota ba ne. Japan ce ta ɗauki wata hanya. A 2013 wata kotu a birnin Kobe ta umarci mahaifiyar wani yaro ta biya kimanin yen miliyan 95 bayan yaron ya buge wata dattijuwa da keke. A 2015 lardin Hyogo, inda Kobe take, ya wajabta wa masu keke yin inshora, Tokyo kuma ta bi sahu a 2020.

In babur ne ko adaidaita sahu, lissafin ya sauya, domin su doka ta ɗora musu inshora, kuma a Kano, tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, da adaidaita aka fi yin karo. Ana iya duba lambar abin hawan a rumbun bayanai na ƙungiyar kamfanonin inshora, NIID, a ga ko takardarsa ta gaskiya ce. In ta gaskiya ce, kamfanin za a nufa. In ta bakin tasha ce, to mai ita bai fi mai keke da komai ba, duk abin da za a faɗa a nan ya shafe shi.

Idan an ji rauni, asibiti ne farko, maganar fenti ta jira. Hukumar kiyaye haɗurra tana da lambar gaggawa, 122. Kai wanda ya ji rauni asibiti ba amsa laifi ba ne, amma a kula da harshe, don kalmar "laifina ne" da aka faɗa don a kwantar da hankalin jama'a takan dawo ta tsaya a gaban alƙali.

Bayan nan sai hujja. A ɗauki hoto kafin a matsar da mota ko keke: inda kowa ya tsaya, hannun da kowa yake, gefen da aka buga. A karɓi lambar wayar mutum biyu da suka gani da idonsu, kuma an fi son mazauna wurin, irin mai shayi ko mai faci ko mai shago, waɗanda gobe ma a nan za a same su. In akwai gidan mai ko kanti mai kyamara a kusa, a roƙi hoton da wuri, don yawancinsu ba sa ajiye shi da daɗewa. Abin da aka fi mantawa kuwa shi ne mafi muhimmanci: keke ba shi da lamba. Mai keke in ya juya baya ya shiga lungu, an rabu ke nan. Sunansa, unguwarsu, wurin aikinsa, da wani babba da ya san shi, waɗannan su ne lambarsa.

Nan ne mutane kan yi kuskure iri biyu. Wasu su ƙwace keken su kulle a gida, wasu su ja mai shi caji ofis da nufin a tsare shi har danginsa su haɗo kuɗi. Rahoton 'yan sanda yana da amfani ƙwarai a matsayin hujja, kuma kamfanin inshora zai nema. Amma 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne, kotuna sun sha faɗin haka. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba, kuma wanda ya sa aka tsare mutum don a matse shi ya biya, ana iya haɗa shi cikin ƙarar tauye haƙƙi, ya koma shi ne mai biyan diyya. Keke kuwa, in mai shi ya yarda ya bar shi jingina aka rubuta, babu laifi. Ƙwace da ƙarfi ne ke juya mai gaskiya ya zama abin tuhuma.

Hanyar da ta fi kawo kuɗi a aikace ita ce wadda ba ta da armashi ko kaɗan: takarda guda a gaban shaidu. A fara samun ƙiyasin gyara a rubuce daga gareji biyu. In da hali, a ɗauki mai keken ko ɗan'uwansa a je kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa tare, ya ji kuɗin fitilar da kunnensa daga bakin mai sayarwa, don babu abin da ke ɓata sulhu kamar zargin cewa mai mota ya haɗa baki da bakanike ya cusa tsofaffin cututtukan motarsa cikin lissafi. Zargin kuma ba koyaushe yake ƙarya ba. Sannan a zauna gaban mai unguwa ko limami ko ubangidan mai keken, a rubuta ranar da abin ya faru, da cewa ya yarda zai biya, da adadin kuɗin cif da lamba da kalma, da nawa zai riƙa bayarwa duk mako ko duk wata, da ranar ƙarshe. Wani mai ƙarfi a danginsa ya sa hannu a matsayin wanda ya tsaya masa, a kuma rubuta ƙarara cewa in ya gaza shi zai biya. Kowa ya riƙe kwafi.

Ƙarfin wannan takarda ya wuce yadda ake zato. Kafin a rubuta ta, abin da mai mota ke da shi iƙirari ne kawai na cewa an yi masa sakaci, kuma sai ya tabbatar da komai a kotu daga tushe. Bayan an rubuta ta, ya zama mai bin bashi sananne. Kotunan ƙananan basussuka, waɗanda Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, irin wannan bashi aka kafa su don karɓa: kuɗin da adadinsa ya riga ya tabbata. Mutum na iya shigar da ƙara da kansa ba tare da lauya ba, bayan ya aika takardar neman biya, kuma tsarin ya tanadi a gama shari'ar cikin kwana 60. Wanda ya zo da "ai ya ce zai biya" a baki kawai, ba wannan ƙofar zai bi ba.

A kuma tambayi mai keken aikin wa yake yi a lokacin. Wata malamar makaranta ta taɓa zuwa ofishin marubucin nan bayan wani saurayi mai rarraba burodi a keke ya karce mata gefen mota daga gaba har baya, ya kuma karya madubi. Saurayin ba shi da ko na cefane, ita kuma har ta fid da rai. Amma burodin gidan burodin da yake wa aiki ne ya ɗauko, a kan hanyar kai wa masu shaguna yake. Doka tana ɗora wa ubangida ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi da sakaci a bakin aiki. Wasiƙa aka rubuta wa mai gidan burodin, da hotuna da ƙiyasin gyara, ya biya a hankali ba tare da an taka kotu ba. In yaro ne ƙarami a keken, sha'anin ya bambanta: a dokar da kotun majistare ke bi, uba ba ya ɗaukar ɓarnar ɗansa don kawai shi ya haife shi, sai in shi ma ya yi sakaci ko kuma shi ya aike shi. A zahiri dai iyaye da yawa kan biya don kunya da zaman tare, in an same su da girmamawa.

In mai keke ya ƙeƙashe ƙasa ya ce ba shi da laifi, sai kotu, ta majistare ko ta shari'ar Musulunci idan duka Musulmi ne, ko a fara gwada zauren sasantawa irin wanda sashen shari'a na Kano yake da shi. A kotun majistare ba a ba da kuɗin gyara da ka. Kowane abu sai an lissafa shi an kawo rasidinsa: fitila, madubi, fenti, kuɗin aiki, har kuɗin hayar da aka kashe kwanakin da mota ke gareji. Wanda ya gyara mota bai ɗauki hoto ba, ya kuma yar da fasasshiyar fitilar, ya share hujjarsa da hannunsa. Alƙali yana iya raba laifi. A ce gyara ya ci naira 200,000, aka gano mai motar ma yana gudu fiye da kima har aka ɗora masa kashi 40 cikin ɗari na laifin, 120,000 zai samu. Mai keken da ya ji rauni kuma yana da damar shigar da tasa ƙarar a kan mai mota, kuɗin karaya kuwa ya fi na fitila nesa ba kusa ba.

Ko an yi nasara, hukunci ba ya ƙirƙiro kuɗin da babu. Ma'aikatan kotu za su je kama kaya, su tarar da katifa da keken da ya riga ya lanƙwashe. Shi ya sa lauyan kirki kan fara tambayar mai mota me mutumin nan ya mallaka, kafin ya tambaye shi yadda aka yi. Leburan da zai iya kawo naira 5,000 duk Juma'a ya fi hukuncin dubu ɗari biyu da ba a karɓa ba. Wani lokacin kuma gaskiyar da za a faɗa wa mai mota ita ce kuɗin bin haƙƙin zai zarce haƙƙin, kuma jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci ko yafe masa abu ne da addini ya kwaɗaitar a kai. Sai dai yafiya ta fi daɗi idan mutum ya yi ta da zaɓinsa bayan ya san yana da iko, ba don taron bakin titi ya rufe masa baki ba.

Mai cikakkiyar inshora, wadda ke biyan gyaran motar mai ita, shi ne ya huta da yawancin wannan wahala. NAICOM ta ƙayyade kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, wato motar miliyan 6 za ta ci aƙalla 300,000 a shekara. Ga masu ƙyamar inshorar da aka saba saboda dalilin addini, akwai kamfanonin takaful irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Amma a karanta sharuɗɗa. Yawanci akwai wani kaso na farko na kuɗin gyara da mai mota zai biya da kansa, kuma in ɓarnar madubi ce kawai tana iya ƙarewa cikin wannan kaso. Akwai wa'adin sanar da kamfani, kuma ba a fara gyara sai jami'insu ya duba motar. Bayan kamfani ya biya, ikon bin mai keken ya koma hannunsa, don haka wanda ke da niyyar kai wa kamfani takarda kada ya rubuta wa mai keke cewa ya yafe, kada kuma ya karɓi wani abu a hannunsa da sunan an kashe magana, sai ya fara kiran kamfanin ya ji ta bakinsu.